Yadda ake kula da tafki da korama a filin golf a Legas

Filin golf a Legas, ko na Ikoyi Club ne da aka kafa tun 1938, ko na Ikeja, ko Lakowe Lakes da ke kan hanyar Lekki zuwa Epe, rabin aikinsa sanin inda ruwa zai bi ne. Tafkin da ɗan wasa ke kallo a matsayin ado da tarkon ƙwallo, ga ma'aikaci wurin tara ruwan sama ne da damina, kuma rumbun ban-ruwa da rani. Wannan jagora ta heluma ce da leburorinsa, musamman 'yan uwanmu da suka saba da aikin fadama a gida suka zo suka tarar da ƙasa mai yashi da ruwan sama mai yawa. Abin da ya kamata a riƙe tun farko shi ne ruwa ba ya tsami banza. In tafki ya yi kore ko ya yi wari, wani abu ne ke shiga cikinsa daga filin, kuma magani ba ya hana shi shiga.

Fara da auna tafkin

Kada ka sayi komai, ko inji ko magani, sai ka san yawan ruwan da kake da shi. Auna tsawo da faɗi da tef. Sannan mutum biyu su shiga kwalekwale da dogon sanda da aka yi wa alama kowane santimita 10, su riƙa auna zurfi duk bayan mita 10, a tsaye da a kwance. Tara abin da aka samu ka raba da yawan wuraren da aka auna, ka sami matsakaicin zurfi. Tafki mai tsawon mita 60 da faɗin mita 40 yana da faɗin fuska murabba'in mita 2,400. In matsakaicin zurfinsa mita 1.5 ne, ruwan cikinsa kubik mita 3,600 ke nan, wato lita miliyan 3 da dubu 600. Rubuta wannan lamba a bangon sito, domin duk lissafin da zai biyo baya a kanta yake.

A wannan fitar ce kuma za a auna laka. Sauke sandan a hankali har ka ji ya taɓa abu mai laushi, ka karanta. Danna shi har ya tsaya a ƙasa mai tauri, ka sake karantawa. Bambancin shi ne kaurin lakar. In ana son a gani da ido, a ɗaure farin tsumma a ƙasan sandan, lakar za ta bar shaidarta a jiki.

Duban mako-mako

Abu huɗu ake dubawa, kuma lokacin duban ya fi kayan duban muhimmanci.

Na farko iskar oksijin da ke cikin ruwa. A auna ta da asuba kafin rana ta fito, don lokacin ne take ƙasa. Da rana gansakuka da ciyayin ruwa suna samar da ita, da dare kuma su da kifi da lakar ƙasa duk shanye ta suke yi. Wanda ya auna da azahar zai ga lamba mai kyau ya koma ya kwanta, kifi kuma ya mutu da asuba. Miligiram 5 a lita ko fiye, lafiya lau. Ƙasa da 3, kifi ya shiga wahala. In ta kai 2, za a fara kwasar gawa. Ruwan Legas mai ɗumi ne, ruwan ɗumi kuwa ba ya riƙe iska sosai: a ma'aunin zafi 30, iyakar abin da zai riƙe kusan miligiram 7.5 ne, alhali a 20 yana riƙe kusan 9. In babu na'urar aunawa, kifin kansa zai gaya maka: ka gan shi da sassafe ya taso sama yana haƙin iska da baki, to an kusa.

Na biyu hasken ruwa. Samu murfin bokiti mai faɗin santimita 20, ka raba shi huɗu ka fente biyu fari biyu baƙi, ka ɗaura masa ƙarfe a ƙasa da igiya a tsakiya. Sauke shi har ya ɓace wa ido, ka auna igiyar. In ya ɓace kafin santimita 30, ruwan ya yi kauri da yawa. Santimita 60 zuwa sama shi ake so a tafkin ado.

Na uku tsamin ruwa, da takardar gwaji ko 'yar na'urar aljihu: tsakanin 6.5 da 8.5. Na huɗu gishiri, wanda za mu zo kansa. Sau biyu a shekara, ƙarshen rani da ƙarshen damina, a kai kwalba ɗakin gwaji a auna fosfaras da naitirojin da yawan alkali na ruwan, wato ƙarfinsa na kashe tsami, a miligiram cikin lita.

Abin da ke shiga tafkin

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi sakaci, domin ba ya kama da aikin tafki. Ruwan sama milimita 50, wanda ba abin mamaki ba ne a yini ɗaya na watan Yuni, in ya sauka a hekta ɗaya kubik mita 500 ne. Duk wanda ƙasa ba ta shanye ba tafki zai nufa, ɗauke da takin da aka watsa jiya. Fosfaras shi ne babban mai laifi. Ɗan kaɗan daga cikinsa ya isa ya ciyar da gansakuka mai ninkin nauyinsa sau ɗaruruwa, kuma ba ya tashi sama kamar yuriya. Lakar ƙasa yake shiga ya zauna, ya riƙa fitowa shekara da shekaru duk lokacin da iska ta ƙare a ƙasan ruwa. Shi ya sa tafkin da aka ɓata da taki ba ya warkewa a damina ɗaya.

Don haka a bar zobe na ciyawa a bakin ruwa, faɗin mita 3 zuwa 5, da ba a aske shi ƙasa da santimita 10 zuwa 15. 'Yan wasa za su yi gunaguni cewa ƙwallo na ɓacewa a ciki. A ɓangaren da wasa ke bi a rage faɗinsa, a ɗaya ɓangaren a ƙara. Kada a watsa taki a cikin mita 10 daga ruwa, kuma wanda ke tura injin watsa taki ya rufe gefen da ke kallon tafki. Kada a sa taki in hadari ya haɗo. Takin NPK 15-15-15 da ake samu ko'ina a kasuwa na gona ne, fosfaras ɗinsa ya yi wa ciyawar da ta riga ta kafu yawa. Sai gwajin ƙasa ya nuna buƙata a sa shi.

Sai askin ciyawa. Mai yankan da ya juye kwandon injinsa a bakin tafki saboda sito ya yi masa nisa, taki ya zuba a ruwa. Haka wanda ke wanke inji ko tankin feshi a inda ruwan wankin zai gangara korama. A ware wurin wanki mai siminti nesa da ruwa, a ware wurin tara yankakkiyar ciyawa. Wannan magana ta heluma ce, ya maimaita ta ga kowane sabon lebura ran da ya fara aiki.

In ruwa daga unguwa yake shigowa filin ta lambatu, sai a ɗauka da ƙazanta yake zuwa. A sa ragar ƙarfe mai tazarar santimita 5 zuwa 10 a mashiga don tare ledar fiya wata da robobi, a kwance ta kaɗan ba a tsaye cak ba, don a iya jan shara sama da manjagara. Bayan ragar a haƙa ƙaramin kududdufi, zurfin mita ɗaya ya isa, inda ruwa zai rage gudu yashi ya kwanta kafin ya shiga babban tafki. Yashe wannan ƙaramin da shebur sau biyu a shekara ya fi kawo katafila babban tafki sauƙi nesa ba kusa ba. In ruwan da ke shigowa baƙi ne mai mai ko warin masana'anta, a ɗebi samfur a kai rahoto LASEPA, hukumar kare muhalli ta jihar.

Ciyayi, kowanne da maganinsa

Babbar kainuwa mai fure shunayya da kumburarren kara, wadda ke toshe hanyar jiragen ruwa a Ikorodu, asalinta daga Kudancin Amurka ne, kuma ta ɓulla a ruwan Legas ta wajen Badagry a 1984. A ruwa mai taki tana ninka kanta cikin mako biyu, irinta kuma na iya kwana cikin laka shekaru da yawa. Ranar da aka ga ƙwaya ɗaya, ranar za a cire ta. In ta riga ta bazu, a ɗaure gorar bambu ko igiya mai robobi a ja ta gefe guda, inda iska ke tura ta, a kwashe da manjagara da koma. A bar ta kwana ɗaya ko biyu a wuri mai nisa da baki ta tsane, tunda mafi yawan nauyinta ruwa ne, sannan a kwashe da baro. Kada a sassare ta da adda a cikin ruwa, guntayen tsirowa suke yi. Ƙaramar kainuwar da muka sani a kududdufan gida ita ma haka ake mata.

Kacala, wadda mutanen Haɗeja da Nguru ba sa buƙatar a yi musu bayaninta, tana kafuwa a inda ruwa bai kai mita ɗaya ba. Yanke ta sama da ruwa aski ne kawai. A yanke ta da lauje kamar santimita 15 ƙarƙashin ruwa, domin ta karan take shaƙar iska zuwa saiwa. In ruwa ya rufe bakin yankan, saiwar ta shaƙe. A maimaita sau biyu ko uku kafin ta yi kai. Bado kuwa in bai rufe fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na fuskar ruwa ba, a ƙyale shi, ado ne kuma inuwa ce ga kifi.

Gansakuka iri biyu ce, kuma dole a bambance. Sa sanda ka ɗaga. In ta biyo sandan zare-zare, mai sauƙin ce, a kwashe da manjagara. In ba ta kama sandan ba, sai dai ta shafe shi kamar koren fenti, tana taruwa gefen da iska ke kaɗawa, wannan ita ce mai iya fitar da guba. Kada lebura ya shiga da ƙafa tsirara, kada kare ko dabba ta sha, kuma a dakatar da ban-ruwa da rana lokacin da mutane ke fili.

Iska

Tafkin da zurfinsa ya wuce mita biyu yakan rabu biyu lokacin zafi: sama ɗumi da iska, ƙasa sanyi babu iska, lakar na ruɓewa tana fitar da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Sai ruwan farko mai ƙarfi ya sauka a Maris ko Afrilu, mai sanyi da guguwa, ya juya tafkin gaba ɗaya. Ruwan ƙasa ya gauraye da na sama, iska ta ƙare ko'ina, gari ya waye kifi ya yi fari a sama. Sau da yawa akan zargi wani da zuba guba, alhali juyin ruwa ne.

Maganinsa a hana rabuwar. Tafki mai zurfin da bai kai mita biyu ba, injin feshi mai iyo a sama ya ishe shi. Ana lissafa ƙarfin doki ɗaya zuwa biyu ga kowace eka, wato kusan murabba'in mita 4,000, don haka tafkin misalinmu doki ɗaya zai ɗauka. A lura, injin da ke harba ruwa sama siriri don kyan gani ba ya juya ruwa kamar mai watsa shi ƙasa-ƙasa da faɗi. Wanda ya fi mita biyu kuwa, kwamfuresa a baki da tiyo zuwa faifan kumfa a ƙasan tafki ya fi aiki kuma bai kai injin feshi cin wuta ba. Amma kada a kunna sabon faifai yini guda a tafkin da ya daɗe a kwance, don kai da kanka za ka yi juyin da kake gudu. Minti 30 ranar farko, awa ɗaya rana ta biyu, a riƙa ninkawa har mako ya cika.

In wuta ko dizal bai isa a kunna dare da rana ba, a zaɓi dare, daga tsakar dare zuwa hantsi. An fi son kunna feshi da rana don membobi su gani, amma ruwan da dare yake buƙatarsa. Duk wayar da ta shiga ruwa dole ta bi ta na'urar yanke wuta mai miliamfiya 30, a gwada maɓallinta kowane wata, kuma babu mai shiga ruwa sai an kashe daga allon wuta.

Magani, in ya zama dole

Tunda da wannan ruwan ake shayar da ciyawar bakin ramin ƙwallo, duk abin da ka zuba a tafki gobe yana kan ciyawa mafi tsada a filin. Maganin ciyawa na gona ba na ruwa ba ne. Ko mai gilaifoset, sinadarin da ake haɗa shi da shi don ya manne wa ganye yana kashe kwaɗi da kifi. A nemi wanda takardarsa ta ce na ruwa ne, mai lambar NAFDAC, a karanta kwana nawa za a dakatar da ban-ruwa.

Shuɗin gishirin jan ƙarfe da ake kashe gansakuka da shi yana da ƙa'ida: a raba yawan alkali na ruwan da 100, abin da ya fito shi ne giram nawa a kowane kubik mita. In gwaji ya nuna 80, giram 0.8 ke nan. A tafki mai kubik mita 3,600, kusan kilo 2.9. In alkali bai kai 50 ba, kada a yi amfani da shi sam, zai kashe kifi, kuma ruwan rijiyar burtsatse a Legas sau da yawa mai tsami ne mai ƙarancin alkali, don haka ba a zato, gwaji ake yi. Ko ya halatta, kashi ɗaya cikin uku na tafkin ake yi wa a lokaci guda, wato kusan kilo ɗaya, a narkar a bokitin roba a fesa da safe ranar da rana ta fito, injin iska na aiki. A jira kwana 10 zuwa 14 kafin kashi na gaba. Dalili kuwa gansakukar da ta mutu ruɓewa take yi, ruɓewar ce ke cinye iska.

Korama, gaɓa da kwalbati

Ƙasar Lekki da Ikoyi yashi ce, gaɓa mai tsayi a tsaye ba ta daɗewa. A kwantar da ita: mita uku a kwance ga kowace mita ɗaya a tsaye. A dasa jema layi-layi, tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakanin tushe da tushe, a farkon damina; saiwarta tsaye take nutsewa ta riƙe ƙasa, ba ta kuma yaɗuwa cikin fili. A kwanar korama ta waje da bakin kwalbati, inda ruwa ke duka da ƙarfi, sai dutse. A shimfiɗa zanen tace ƙasa tukuna kafin a jera dutsen, in ba haka ba ruwa zai tsotse yashin ta tsakanin duwatsu su nutse. A tona ƙafar jerin ta shiga ƙasa da gindin korama. Zuba kankare a miƙe korama yana ƙara mata gudu ne, ta je ta cinye gaɓa a gaba.

Kafin ƙarshen Maris a bi kowane kwalbati da maɓulɓular tafki a yashe. Bayan kowane ruwa mai ƙarfi a sake bi. Ɗan sararin da ake samu a watan Agusta na gyaran abin da Yuni da Yuli suka ɓata ne, kafin ruwan Satumba da Oktoba.

Aikin rani

In ruwa na raguwa fiye da kima, a kashe ban-ruwa da mashiga na kwana biyu. Cika bokiti da ruwa, ka ajiye shi a cikin tafkin a gefe, ka yi alama a cikinsa da kuma jikin sanda a tafki. Abin da rana ta ɗauka daidai zai zama a duka biyun, milimita kaɗan a yini. In tafkin ya fi bokitin sauka, yoyo ne. Bar shi ya ci gaba da sauka. Inda ya tsaya, a wannan layin ramin yake.

Laka in ta cinye kashi ɗaya cikin huɗu na zurfin, lokacin yasa ya yi, kuma Janairu zuwa Fabrairu ne lokacinsa. Hattara da tafki mai shimfiɗar baƙar leda a ƙasa: a wuraren da ruwan ƙasa ke kusa, in aka zuƙe tafkin ƙaf, ruwan da ke ƙarƙashi zai ɗago ledar ta kumbura ta yage, gaɓa ma na iya ruftawa. A tona ɗan rami a gefe a ga inda ruwan ƙasa yake kafin a kunna famfo, kuma haƙorin katafila kada ya taɓa leda. Da famfon tsotsar laka ake yi.

Rani ne kuma lokacin gishiri. Lagun takan ƙara gishiri in ruwan sama ya ɗauke, tafkin da ke kusa da ita ko rijiyar da ake ja da ƙarfi sukan ɗauka. A auna da na'urar aljihu kowane mako: ƙasa da 0.7 a ma'aunin desisimin, wanda na'urar ke nuna gishiri da shi, babu damuwa, daga nan zuwa 3 sai an lura, sama da 3 ciyawa na iya fara ƙonewa daga baki. A gauraya da ruwa mai daɗi, a riƙa yin ban-ruwa mai yawa jefi-jefi don wanke gishirin ya wuce saiwa, a kuma duba ƙofar da ke hana ruwan lagun komowa ta magudana lokacin da teku ta cika. Bakin tiyon famfo a rataye shi a jikin jarka mai iyo, rabin mita ƙarƙashin fuskar ruwa kuma aƙalla rabin mita sama da laka, a goge ragarsa duk mako.

Mutane da turaku

Babu mai shiga ruwa shi kaɗai, ko don tsintar ƙwallo. Rigar iyo a kwalekwale, dogon takalmin roba da safar hannu a baki, saboda maciji da kuma tsargiya da ake ɗauka a ruwan da katantanwa ke ciki. Sauro a gefen da ruwa ke kwance cikin ciyawa yake ƙyanƙyasa, ba a tsakiyar tafki ba. Motsin ruwa da ƙananan karfasa suna rage shi. Tarwada da yawa kuwa tona laka take yi ta dagula ruwa.

A dokokin golf, ana kewaye ruwa da jan turke ko rawaya, ɗan wasa kuma da su yake sanin inda zai ajiye ƙwallo bayan an ci shi tarar bugu ɗaya. Duk turken da aka cire don yanka ko gyaran gaɓa, a sa alamar fenti a gurbinsa a mayar da shi daidai wurin a ranar. In an faɗaɗa zoben ciyawa ko an kwantar da gaɓa, a kira kwamitin wasa su zo su sake ja layin da kansu.